Rajistar kamfani ta hannun lauya a Sakkwato: abin da kuɗinka ke saya

Yawancin ofisoshin lauyoyi a Sakkwato suna haɗa aiki uku a farashi ɗaya: rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, rubuta ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniya tsakanin abokan kasuwanci. Na farko kusan kowa ya iya shi. A na biyu da na uku ake gane lauyan da ya san aikinsa.

Rajistar ba ta da wuya yanzu. Tun da aka sa hannu a dokar kamfanoni ta CAMA a 2020, mutum ɗaya zai iya kafa kamfani mai zaman kansa, ƙaramin kamfani kuma ba dole ya naɗa sakatare ba. Ana soma da neman suna, idan an amince a riƙe maka shi kwana 60. Sai lambar NIN ta kowane darakta, adireshi, sa hannu, da bayanin duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko fiye. Mafi ƙarancin jarin da za a rubuta naira 100,000 ne, ana kuma biyan harajin hatimi a kan adadin da aka rubuta. Inda aiki ya fi cijewa shi ne suna: a katin NIN an rubuta Muhammadu, a banki Mohammed, a fom Muhammad. Ofishin kirki yakan duba wannan kafin ya tura komai. A nan hidimar ta cancanci yabo, ko da yake wanda ya iya kwamfuta zai iya yi da kansa.

Wani abin yabo shi ne lauyan da zai gaya maka gaskiya cewa ba ka buƙatar kamfani. Mai shago ɗaya a Sabuwar Kasuwa, rajistar sunan kasuwanci ta ishe shi. Bambancin dai shi ne, da sunan kasuwanci bashi na iya bin ka har gida, kamfani kuwa dukiyarsa daban, taka daban.

Matsalar tana ga yarjejeniya. Da yawa sukan ɗauko tsohuwar takarda daga kwamfuta, su canza suna da kwanan wata. Ɗauki misalin mutum biyu masu harkar albasa: Alhaji ya sa kuɗi, yaron gidansa yana saye a Goronyo da Wurno, ana adanawa a rudu har ta yi tsada, a loda zuwa kudu. Takardar da ba ta faɗi wa ke ɗaukar asara idan albasa ta ruɓe ba, ko mota ta faɗi a hanya, ko dillali ya riƙe kuɗi, ba ta yi musu komai ba. Dole a rubuta girman buhu, wurin da kaya ke fita daga hannun mai sayarwa, ranar biya, wanda ke sa hannu a asusun banki, da adadin da mutum ɗaya zai iya cirewa shi kaɗai. Haka ma masu fatu da masu dakon siminti daga Kalambaina.

Ga kuma abin da takardun da aka kwafo ba su sani ba. Mutanenmu da yawa ƙirali suke nufi, wato kuɗi daga wani, aiki daga wani. A fiƙihun Malikiyya riba kashi ce da aka ambata, rabi ko sulusi, ba a yanka wa mai kuɗi adadi tsayayye duk wata, asara kuma tana kan jari sai idan mai aiki ya yi sakaci. Lauyan da bai san wannan ba zai sa kuɗin ruwa a kan jinkirin biya, masu takardar su sa hannu ba su lura ba. Mu da aka umarta a ayar bashi ta Suratul Baƙara mu rubuta, bai kamata rubutun ya saɓa wa niyyarmu ba.

Batun mutuwa ma ana yawan tsallake shi don kunya. Hannun jari gado ne. Idan ba a rubuta yadda za a ƙiyasta shi da wanda ke da haƙƙin fara saye ba, magada goma sha biyu za su wayi gari abokan kasuwancinka. Rikicin tafiyar da kamfani kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai shi, don haka sakin layi a kan sulhu kafin shari'a yana da amfani ƙwarai.

Kafin ka biya, ka nemi a raba maka kuɗin hukuma da ladan lauya a rubuce. A yi rajistar da imel da lambar wayarka, domin idan na ofishin aka sa, duk gyara sai ka koma wurinsu. Idan ba ka jin Turanci, a karanta maka da Hausa, a kuma rubuta a ƙarshen takardar cewa an fassara maka. Ka tambaya wa zai riƙa miƙa rahoton shekara-shekara ga CAC, don tara tana taruwa idan an bari. Mai sayar da motoci, gwal ko filaye kuma ya tambayi takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, tun da wuri, domin banki zai nema kafin ya buɗe masa asusun kamfani.