Sarƙar Almax da kwaɗon Squire: yadda nake ɗaure motar da na haɗa da hannuna

Motata Westfield ce, irin wadda kamfani ke sayar maka da sassanta a akwatuna, kai kuma ka shiga gareji ka haɗa abarka noti bayan noti. A nan Ingila irin waɗannan motoci suna da masoya sosai, kuma da yawa daga cikinsu jikokin motar Lotus Seven ne, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957, kamfanin Caterham kuma ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Kujera biyu, ba ƙofa, ba rufi, ba gilashin da za ka ɗage ka kulle. Nauyinta bai wuce kilo 600 ba, wato ko rabin motar gida ba ta cika kaiwa ba. Wannan rashin nauyin shi ne daɗinta a kan titi, shi ne kuma abin da ke hana mai ita barci.

Kafin a ba ta lamba sai da ta ci gwajin IVA, wato binciken ingancin mota kafin ta hau titi, na hukumar DVSA mai kula da ƙa'idojin motoci da direbobi, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa dole a sa mata abin da zai hana a tuƙa ta ba da izini ba. Nawa na'urar hana injin tashi ce, tana nan tana aikinta. Amma mai niyyar ɗaukar irin wannan mota bai damu da inji ba. Mutum biyu sun isa su tura ta waje, su ja ta zuwa kan ƙaramar tirela, su lulluɓe da tampol. Sitiyarin da ake cirewa a tafi da shi, wanda da yawa daga cikinmu ke alfahari da shi, yana da amfani idan ka tsaya shan mai ko ka shiga masallaci, amma ba ya hana a tura mota. Makullan sitiyarin nan masu rufe shi ruf kuwa an yi su ne don motocin gida, daga santimita 35 zuwa sama, nawa kuma santimita 28 ne. Abin da ya rage shi ne a ɗaure ta da ƙasa, kamar yadda ake ɗaure ingarma a turke.

Abin da na saya shi ne sarƙar Almax Immobiliser Series III, mai kaurin milimita 16, tsawon mita biyu, da kwaɗon Squire SS65CS, sai ƙarfen ɗauri da ake kafewa a kankare mai shaidar Sold Secure, cibiyar da ke gwada ƙarfin kayan tsaro. Asali masu manyan babura aka yi wa sarƙar, domin su ne suka fi kowa shan wahalar ɓarayin da ke ɗaga abu su jefa a bayan mota. Duka kayan sun haura mini fam 200. Uwargida ta dubi rasit ta ce, "Maigida, sarƙa ce ko zinariya?" Na ce mata ta tuna lokacin sanyin da na yi a garejin nan ina haɗa waya ɗaya bayan ɗaya. Inshora za ta iya biyan kuɗin mota, amma wannan aikin babu mai biya na.

Ranar da ka fara ɗaga sarƙar za ka gane inda kuɗinka ya tafi. Ita da kwaɗon sun kusa kilo 10. Kowane zobe ya yi kaurin babban yatsana, kuma an sa mata rigar yadi mai kauri don kada ta goge fenti. Dalilin zaɓar milimita 16 shi ne almakashin yanka ƙarfe na hannu, wanda ke cinye siraran sarƙoƙi shiru ba tare da maƙwabci ya ji komai ba, a wannan kauri bakinsa ba ya iyawa. Kwaɗon kuma kafaɗunsa sun taso sun rufe marikin, ta yadda idan zoben sarƙa ya shiga babu sararin da za a zura wani abu a kama shi. Squire tsohon gidan makullai ne, tun 1780 suke wannan sana'a a yankin Wolverhampton, kuma hannu yana jin haka idan makulli ya juya: laƙas, ba girgiɗi, ba sai ka lallaɓa ba. Yana da murfin roba a kan ramin makulli, abin da ke da muhimmanci a garejin da ke yin danshi rabin shekara.

Inda aikin yake shi ne kafa turken da kuma zaɓar inda sarƙa za ta bi. Na huda kankaren gareji da babban injin huda, na busa ƙurar ramukan tas, domin ƙura idan ta zauna ƙusa ba ta kamawa yadda ya kamata. Bayan na ɗaure ƙusoshin sai na buga ƙananan ƙwallayen boris da suka zo da su a cikin kawunansu, shi ke nan, babu sauran sifana da zai kwance su, har ni da na sa. Saboda haka ka auna wurin da kyau kafin ka ɗauki guduma. Nawa na sa shi a ƙuryar gareji, ƙarƙashin bayan motar, yadda idan ta shiga ta zauna jikinta ya rufe shi. Wanda zai taɓa shi sai ya kwanta rub da ciki a wurin da bai kai tsawon kamu ɗaya daga ƙasa ba.

Kada ka zura sarƙar a taya kaɗai. Noti huɗu ne, a kwance su a sa wata taya a tafi, a bar maka taka ɗaure. Hannayen da ke riƙe da taya su ma ana kwance su, kuma nauyin sarƙa ba alheri ba ne gare su. Ni ta cikin bututun shasi na baya nake bi da ita, wanda aka yi wa walda, domin duk wanda ya yanke shi ya lalata abin da ya zo sata. Sannan ina jan ta ta yi tsam, kwaɗon na reto a sama. Sarƙar da ke kwance a kan kankare ta ba ɓarawo maƙera kyauta, zai samu inda zai dafa almakashi ko ya sara da guduma.

Sarƙar tana da wahala, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk fita sai ka durƙusa, duk dawowa sai ka durƙusa, ga salansa da zafi idan ka dawo daga doguwar tafiya. Na ajiye tsohuwar darduma da safar hannu a gefe saboda haka. Wanda ke fita da motarsa kullum zai gaji, kuma ranar da ya ce bari yau ɗaya dai, ranar ce abin tsoro. Ba ta kuma tafiya da kai: ɗan akwatin bayan Westfield da ƙyar yake ɗaukar jaka ɗaya, kuma ba wanda ya haɗa mota don rashin nauyi zai so ya loda mata kilo 10 na ƙarfe. Na gida ce kawai.

Injin yankan ƙarfe mai batir kuwa, irin na masu walda, babu sarƙar da ta fi ƙarfinsa idan aka ba shi lokaci. Abin da wannan sarƙar ke yi shi ne ta tilasta masa yanka zobe ta gefe biyu, da ƙara da tartsatsi, kusa da tankin mai, a cikin dare. Don haka na haɗa da na'urar bin sawu mai shaidar S7 ta cibiyar gwajin tsaron motoci ta Thatcham, wadda kamfanonin inshora suka sani. Nan akwai abin lura ga masu irin motarmu: da yawa muna da jan makullin nan mai yanke batir gaba ɗaya, to a ba na'urar wayarta dabam wadda ba ta bi ta cikinsa ba, a kuma bar caja mai ɗiga wuta a jone, domin batirinmu ƙarami ne, motar kuma tana yin watannin sanyi a ajiye. AirTag, ɗan abin bin sawu na kamfanin Apple, ba zai maye gurbinta ba, tunda wayar wanda ya ɗauki motar za ta sanar da shi cewa akwai abin da ke bin sa.

Ga mai gareji na kansa da kankare mai kauri, ina ba da shawarar wannan sarƙa da kwaɗo ba tare da jinkiri ba. Mai garejin haya ya nemi izinin mai wurin kafin ya huda ƙasa. Kafin ka yi oda kuma, ka ɗauki igiya ka bi hanyar da sarƙar za ta bi ka auna, ka kuma tabbata zoben zai wuce tsakanin bututun, domin faɗinsa ya fi yadda yake a hoto.