Ja da baƙi ko ruwan ƙasa da shuɗi: wace waya za ka saya?

Idan ka shiga shagon kayan wuta a kasuwar Gusau ko ta Birnin Kebbi ka ce kana son waya, yawanci ja da baƙi za a miƙo maka. Amma ka yanka igiyar firji ko ta dutsen guga, ruwan ƙasa da shuɗi za ka gani. Tsari biyu ne ke tafiya tare a gidajenmu.

Tsohon tsarin gadon Ingila ne: ja mai wuta, baƙi nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), kore mai ratsin rawaya wayar ƙasa (wadda ke kwashe wutar da ta zille zuwa ƙasa). Ingilar ta bar shi ta koma na Turai. Ta fara yarda da sababbin launuka a 2004, daga ƙarshen Maris na 2006 suka zama dole a sabon aiki: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗi nutural, wayar ƙasa tana yadda take.

A gida mai fes ɗaya, wato layi ɗaya mai wuta, wannan bai cika rikitarwa ba. Masu fes uku ne ya kamata su buɗe ido, irin masu injin casar shinkafa a Argungu da Kamba, da masu walda da injin niƙa. A da, ja da rawaya da shuɗi su ne masu wuta, baƙi nutural. Yanzu ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka ne masu wuta, shuɗi nutural. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki. Yaron da ya saba baƙar waya ba ta jan mutum, ranar da ya gamu da sabuwar kebul zai kama layin da ke da bolt 230 tsakaninsa da ƙasa, kusan 400 tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kayan da aka kwaso daga Amurka ma baƙinsu mai wuta ne, fari ne nutural.

To wanne za a saya? In ƙari za ka yi a tsohon gida, bi launin da ka tarar. In sabon gini ne, zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa tun daga mita har soket na ƙarshe. Ni dai da na samu sabon tsarin daga kamfanin kirki shi zan ɗauka, don ya yi daidai da igiyoyin kayan da za a jona. Idan dole ta sa aka gauraya, a naɗe bakin kowace waya da tef mai launin aikinta, a kuma manna takarda a jikin akwatin rabon wuta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mai wayarin ya ce, "Alhaji, jar ta ƙare, bari mu ƙarasa da baƙar." Rol ɗaya bai kai ran wanda zai zo gyara bayan shekara goma ba. Masu sola kuma su raba hanyar wayar batir da ta gida, domin can ma ja da baƙi ake amfani da su, da wata ma'ana dabam.

Sai abin da ke cikin robar, wanda ya fi launi cin kuɗi. Akwai wayar da alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Fere bakinta ka kankare da reza: in fari ya leƙo, ajiye ta. Ɗaga rol ɗin ma ka ji. Mita 100 ta waya mai kauri 2.5 (murabba'in milimita), jan ƙarfenta kaɗai ya haura kilo 2, ban da roba. Alminiyom ba ya iya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ya fi shi saurin yin zafi, ga kuma zafin watan Afrilu a cikin silin. Duba sunan kamfani da kauri a jikin wayar kanta, da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Coleman da Cutix da Nigerchin duk a Najeriya suke yin waya, sai dai suna mai kasuwa shi ake yi wa jabu, don haka reza ta fi kwali gaskiya. Tambayi kuma ko mita 100 ce ko yadi 100, don yadi 100 bai wuce mita 91 da ɗoriya ba. Kauri kuwa sananne ne: 1.5 na fitilu da fanka, 2.5 na soket, 4 zuwa 6 na na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki.

Cikin kuɗin wayar a ware na maltimita, na'urar auna wuta. Testa mai kamar sukurdireba tana da arha, amma ƙwanta ba ya ganuwa sosai a rana, kuma takan kama a wayar da ke kusa da mai wuta kawai. Kafin a taɓa kowace waya, a kashe babban makunni, a kashe janareta da inbata, a gwada mitar a soket mai wuta don a tabbatar tana aiki, sannan a gwada wayar. Ɗauke wutar da Kaduna Electric ta yi ba kashewa ba ce, tana iya dawowa hannunka na ciki.