Kwatano, Lome da Akra ta mota: sharhina kan tafiyar rukuni daga Kano

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta nemi farashinta da kanta, fita ƙasar waje don buɗe ido ta koma sai masu hannu da shuni. Malamin makaranta kamata, in ya ji kuɗin tikitin jirgi kawai sai ya haƙura. Shi ya sa da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a nan Kano ya tallata tafiyar rukuni ta mota zuwa Benin, Togo da Gana a lokacin dogon hutu, na yi tanadi na biya na bi su. Ra'ayina tun daga farko shi ne hanyar ta cancanci a bi ta, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi ga Bakano mai son ganin teku da wata ƙasa. Hidimar kamfanin kuwa, wani ɓangarenta ya ci kuɗinsa halal, wani ɓangaren bai ci ba.

Abin da kuɗin ya ƙunsa shi ne mota daga Kano zuwa Legas, ƙaramar bas da za ta zaga da mu ƙasashen uku ta dawo da mu, masauki mutum biyu a ɗaki, karin kumallo, da jagora. Abincin rana da na dare, kuɗin shiga wuraren tarihi, fasfo da rigakafi duk daga aljihunka.

Mutane kan tambayi wace ƙasa ce mai araha, sai a riƙa lissafa musu farashin abinci da otal. A wurin ɗan Najeriya ba nan kuɗin yake tafiya ba. Biza da tikitin jirgi su ne ke cinye guzuri tun mutum bai bar gida ba. Ruwanda ta yafe wa 'yan Afirka biza, amma sai ka hau jirgi kafin ka ga Kigali. Masar akwai jirgi daga filin Malam Aminu Kano, amma ga biza ga tikiti. Waɗannan ƙasashe uku kuwa muna tare da su a ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ga su a jere a bakin teku: daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, ko rabin Kano zuwa Legas bai cika ba.

A wajen shirin takardu kamfanin ya yi ƙoƙari. Sun buɗe mana zaure a WhatsApp, suka riƙa bin kowa har sai ya turo hoton fasfonsa da na katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kati. Sun nace a yi allurar da wuri, domin katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, amma da zarar an yi sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ba shi da fasfo ya sa wannan a lissafinsa kafin komai: daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin kaso ba ne na kuɗin tafiyar gaba ɗaya.

Canji a Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge, na yi, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan. Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, ita kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka ba ta rawa kamar tamu. Abin da ka canza a Fagge shi za ka kashe a Kwatano da Lome. Ka roƙi mai canjin ya haɗa maka da ƙananan takardu, domin mai babur ko mai ƙosai ba zai iya fasa maka takardar sefa dubu goma ba. Sidin Gana kuwa sai an je can. Kada ka dogara da katin banki kaɗai.

Tafiyar Kano zuwa Legas ba ta buƙatar dogon bayani. Motar dare ce daga Sabon Gari, doguwar hanya ce mai gajiyarwa, duk wanda ya taɓa bin ta ya sani.

Inda na ga amfanin biyan kamfani shi ne kan iyaka. Iyaka uku ake tsallakawa a tafiya, Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo a shiga Gana, a dawowa kuma a sake bin su. Kafin mota ta gama tsayawa 'yan kamasho sun kewaye ta, wannan ya ce kawo fasfo ya buga maka hatimi, wancan ya ce sabon fasfon da ba a taɓa bugawa ba yana da kuɗinsa daban, wani kuma na kaɗa maka damin kuɗi a taga wai canji. Jagoranmu saurayi ne da ke jin Faransanci da Yarabanci. Ya miƙe a ƙofar mota ya ce, "Iyayena da yayyena, don Allah kowa ya riƙe fasfonsa a hannu. Wanda ba ya zaune a cikin ofis, kada a miƙa masa komai, ko da ya kira sunanka." Ya jera mu, ya sa dattawa da mata a gaba, ya tsaya har aka buga wa na ƙarshe, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba cewa kwanan watan da ke jikin hatimin daidai ne. Na ga wasu matafiya da suka zo su kaɗai suna ta jayayya da 'yan kamasho har muka tashi. Ga wanda bai taɓa fita ba, musamman mace ko dattijo, wannan kaɗai ya isa dalilin bin rukuni a karon farko.

Benin ce ta fi kwanta mini a rai, kuma ita ce ta fi sauƙi a aljihu. Kwatano gari ne na 'yan acaɓa, suna kiran su zem, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Da 'yan ɗaruruwan sefa za su kai ka kusan ko'ina a cikin gari, sai dai a yi ciniki kafin a hau. Mun ga gunkin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, mun shiga kasuwar Dantokpa a bakin ruwa. Daga Kalabi muka hau kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Kakanninsu sun gudo cikin ruwan ne don tsira daga masu farautar bayi, suka zauna har yau. Kasuwarsu a kan kwalekwale take ci, mace na tuƙi da hannu ɗaya tana miƙa tumatir da ɗayan, yaro ɗan firamare na tuƙa kansa zuwa makaranta. Kuɗin kwalekwalen raba shi ake yi, don haka yawan rukuni ya sauƙaƙa mana.

A Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, akwai hanyar da ake kora bayi daga cikin gari zuwa bakin teku, tafiyar kusan kilomita huɗu, ta ƙare a wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa da waɗanda aka loda a jiragen ruwa ba su dawo ba. Na so a bar mu mu taka hanyar da ƙafa, amma aka ratsa da mu a mota cikin gaggawa. Na shekara ina koyar da wannan tarihi a aji, kuma na yi baƙin cikin yadda aka mai da wurin tashar ɗaukar hoto. Tekun wannan gaɓar yana da ƙarfin ja sosai, a tsaya a baki a yi kallo, kada a shiga.

Babban kuskuren kamfanin masauki ne. Sun ajiye mu a wani otal can gefen gari saboda ya yi kyau a hoton talla, ba masallaci kusa, ba mai abinci, sai ɗakin cin abincin otal ɗin da farashinsa na Turawa ne. Duk fita sai an hau babur, duk dawowa haka. Kuɗin da muka yi tunanin mun rage a mota sai ya riƙa zurarewa a nan.

Alhali ga Zango a tsakiyar gari. Da asuba ni da abokin ɗakina muka hau zem zuwa babban masallacin Zango. Bayan sallah muka zauna a bencin wata mai koko da ƙosai, ga mai shayi a gefe yana fasa ƙwai, rediyo na magana da Hausa. Wani dattijo da farin gemu ya dubi hulunanmu ya ce, "Samari, daga Kano ko?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya ce kakansa fatauci ya kawo shi, shi nan aka haife shi. Da ya ji inda aka sauke mu da abin da muke biya a faranti ɗaya, sai ya girgiza kai ya ce, "Ai da kun zo nan. Baƙo ba ya rasa ɗaki a Zango." Ya sa jikansa ya zaga da mu gidajen sauka biyu, masu tsabta, da fanka da banɗaki, kuɗinsu bai kai rabin namu ba. Shi ne kuma ya tuna mana cewa a Zango da dala ake lissafi kamar a Nijar, dala ɗaya sefa biyar, don haka in mai tuwo ta ce dala ɗari, sefa 500 take nufi. Abin da ke sa waɗannan ƙasashe su yi wa Bahaushe araha fiye da kowane baƙo ke nan: kakanninmu sun riga mu zuwa tun zamanin fataucin goro na Gwanja, sun kafa unguwanni inda za ka ci halal, ka yi sallah cikin jam'i, ka yi ciniki da harshenka. Kamfanin da ke Kano, mai ɗaukar Kanawa, bai kamata a ce sai an tuna masa da wannan ba.

Togo wucewa muka yi kusan a tsaye, don gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba. Lome na manne da iyakar Gana, da ƙafa ma za ka isa Aflawo. Matan rukuninmu sun ji daɗin babbar kasuwar garin, cibiyar atamfa tun zamanin matan nan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka yi arzikin da suka riƙa sayen Marsandi da cinikin atamfar Holan. Wanda ya san Kantin Kwari ba zai ruɗe da farashin ba, amma akwai zanen da ba mu saba gani a nan ba. A tuna agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, kuma layin MTN da ya yi maka aiki a Benin babu kamfanin a Togo.

Gana kuwa gaskiya ba ta cikin masu araha, duk da yadda ake tallata ta. Sidi ya yi ƙarfi sosai a 2025, masauki a Akra ya fi na Kwatano tsada nesa ba kusa ba, kuma a wuraren tarihi kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Duk da haka ban yi da-na-sanin zuwa ba. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mun ziyarci makwancin Kwame Nkrumah da aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A Nima da Mamobi Hausa ake yi a titi, ga shinkafa da wake, ga tuwon zafi da miyar ayoyo, ga motocin haya na trotro masu sauƙin kuɗi. A nan ma nesa da waɗannan unguwanni aka sauke mu. Mai ƙaramin guzuri ya tsawaita zamansa a Benin ya gajarta na Gana.

Wani zai ce ina Nijar, wadda ta fi kowace kusa. Haka ne, Damagaram da Maraɗi tafiyar yini ce daga Kano, ba wata ƙasa da za ta fi su sauƙi, kuma fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni sun isa a je dominsu. Sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a 29 ga Janairun 2025, don haka mai niyya ya fara zuwa tashar Ƙofar Ruwa ya ji halin da iyaka ke ciki daga bakin direbobin da ke bin hanyar kullum.

Abu na ƙarshe da ya ɓata mini rai shi ne maganar Elmina. A takardar talla an rubuta za a kai mu gidan bayin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, yamma da Akra. Da muka isa Gana sai aka ce kuɗin mai ya tashi, wanda ke son zuwa ya ƙaro kuɗi. Mafi yawanmu guzuri ya riga ya yi ƙasa, aka fasa. Jagoran ba laifinsa ba ne, umarni aka ba shi ta waya, kuma ya ba mu haƙuri cikin ladabi. Direban ma ya kyauta, bai taɓa wuce lokacin sallah ba tare da ya nemi wuri ya tsaya ba.

Duk mai son bin irin wannan kamfani, ya sa su rubuta masa sunan unguwar da za a sauka a kowane gari, da jerin wuraren da kuɗinsa ya ƙunsa, da wanda zai ɗauki nauyi in farashi ya canza a hanya, a sa hannu a ba shi kwafi. Mu da muka dawo Kano mun je ofishinsu mu huɗu da takardar tallar a hannu. Manajan ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, za a duba." Bayan an yi ta kai da komo sun mayar wa kowa wani ɓangare na kuɗin Elmina, kuma sun yi alkawarin rukuni na gaba a Zango za a sauke shi a Kwatano.