Malzamar kemistiri ta 'yan share fage: babin asid mai rauni ya ɓata mini rai

Malzamar nan ta kemistiri (ɗan littafin taƙaitaccen darasi) da ake sayarwa a shagunan kwafi na kusa da jami'a a Jidda, wadda yaranmu 'yan shekarar share fage ke rububin saye, ita nake son in yi magana a kanta. Kuɗinta kun sani, ba ya kai ya kawo. Bugun ya fita tas, kuma babin daidaito ya fara da kyau har na fara yaba wa mai ita.

Misalinta na farko asid ɗin asetik ne, wanda ke cikin ruwan khal: 0.10 mola (ma'aunin yawan asid a cikin ruwa), Ka (lambar da ke nuna ƙarfin asid) 1.8 × 10⁻⁵. Ta ja jadawali mai layi uku, na farko, na canji, na daidaito, ta kai ga x²/(0.10 − x) = Ka, inda x shi ne adadin asid ɗin da ya rabu. Sai ta jefar da x ɗin ƙasa, ta samu x = 1.3 × 10⁻³, pH (ma'aunin tsami) 2.87. Wannan daidai ne, domin abin da ya rabu bai wuce kashi 1.3 cikin ɗari ba.

Matsalar ita ce ko sau ɗaya ba ta gaya wa ɗalibi dalilin da ya halatta jefar da x ɗin ba. Ta mai da shi kamar farilla. Aka zo kan kuloro-asetik, 0.010 mola, Ka 1.4 × 10⁻³, ta bi hanyar nan dai, ta rubuta x = 3.7 × 10⁻³ da pH 2.43, har da jan layi a ƙarƙashi. Jama'a, 3.7 × 10⁻³ kashi 37 ne cikin ɗari na asid ɗin da aka zuba! Ta yaya za a ce wannan ƙarami ne a yi watsi da shi? Ƙa'idar da kowane malami ya sani ita ce: ka raba x da adadin farko, in ya haura kashi 5 ka koma lissafin kwadiratik, wato cikakken lissafin da ba a jefar da x ba. A nan x² + 0.0014x − 0.000014 = 0. Amsa biyu za su fito, mai alamar ragi, −4.5 × 10⁻³, ka yar da ita don adadin sinadari ba ya zama ƙasa da sifiri. Ta gaskiyar 3.1 × 10⁻³ ce, pH 2.51. Wani zai ce ai tazarar kaɗan ce. A jarrabawar canki-canka duka amsoshin biyu suna iya zuwa cikin zaɓi, yaro ya ɗauki ta kuskure hankalinsa kwance.

Ban ce a ƙona ta ba. Tambayoyin bitar suna da yawa, kuma bayaninta kan yadda ake komawa daga pH zuwa Ka ya yi kyau ƙwarai. Wanda yake da malami a gefe zai amfana, musamman in ya saba raba adadin farko da Ka tun kafin ya fara: in ya kai 400 ko fiye, gajeruwar hanyar ta yi, a kuloro-asetik ɗin nan 7 ne kacal. Kalkuleta irin Casio fx-991 ma tana warware kwadiratik nan take, saboda haka babu uzurin ƙin yin sa.

Amma wallahi da na tuna yaran da ba su da mai duba musu, sai ran ya sake ɓaci. Ɗalibin da ya haddace wannan hanyar, ka ba shi asetik mai 1.0 × 10⁻⁷ mola, zai kawo maka 1.3 × 10⁻⁶, wato fiye da ninki 13 na asid ɗin da ke cikin kwalbar baki ɗaya, kuma ba zai ji komai ba. A irin wannan tsarmin dole a sa abin da ruwan kansa ke bayarwa, pH ya tsaya wajen 6.8, maganar da malzamar ba ta ko taɓa ba. Iyaye, in ɗanku shi kaɗai yake karatu a gida, kada ku bar shi da wannan babin sai wani ya gyara masa shi da biro.