Kafin ka sayi na'urar leƙa ciki mai ƙaramin madubi, duba yadda take gyara hoto

Tun da aka fito da fasahar OCT, wato ɗaukar hoton cikin tsoka da haske, a jami'ar MIT ta Amurka a 1991 masu bincike ke neman hanyar shigar da hasken leza cikin maƙogwaro da hanji. Ɗaya daga cikin dabarun da suka karɓu ita ce madubin MEMS, ɗan mitsitsi mai faɗin milimita 1 zuwa 2, da ke kai-komo a bakin bututu yana yawo da haske a kan tsoka.

Sai dai ba ya tafiya da gudu ɗaya. In yana kaɗawa da sauri, yakan ruga a tsakiya, ya sassauta a gefe kafin ya juyo, ita kuwa kwamfuta tana ɗaukar ɗigon hoto a kan lokaci daidai wa daida. Sai gefen hoton ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta matse. In kuma hasken a karkace yake faɗa wa madubin, miƙaƙƙen layi yakan fito a lanƙwashe. Likitan da ya auna faɗin ƙari da irin wannan hoto, lambar ƙarya zai rubuta, kuma wannan ne ya fi damuna.

Fara da tambayar abin da ke motsa madubin. Wanda ƙarfin lantarki ke ja yana da sauri, ba ya shan wuta, amma sau da yawa yana buƙatar bolt 100 ko fiye, a cikin jikin mutum kuwa wannan abin lura ne. Wanda zafi ke lanƙwasawa bolt kaɗan ya ishe shi, sai dai ba shi da sauri, kuma motsinsa yana sauyawa in ya ɗumama. Mai maganaɗisu yana buɗe kusurwa sosai, amma maganaɗisun yana cin wuri a bututun da dama a matse yake.

A wurin gyara ne kuɗinka zai yi aiki ko ya tafi a banza. Hanya mafi araha ita ce a ɗauki hoton allon gwaji mai zanen murabba'i kamar gidajen dara, manhaja ta lissafa inda kowane ɗigo ya kauce, ta riƙa mayar da shi gurbinsa. Tana aiki, muddin madubin bai sake hali ba. Amma zafin jiki digiri 37 ne, ɗakin da aka yi gwajin kuma bai kai haka ba. Da zafi ya sauya, sai madubin ya riƙa makara ko ya riga umarnin da aka ba shi, layin tafiya da na dawowa su saɓa, hoton ya fito biyu-biyu. Manhaja kuma ba ta iya dawo da abin da ba a ɗauka ba: tsakiyar da ɗigo ya yi ƙaranci, ƙiyasi kawai take cika ta da shi.

Shi ya sa ni na fi son madubin da aka haɗa masa na'urar jin motsi, wadda ke sanar da kwamfuta inda yake a kowane lokaci. Ya fi tsada, yana kuma ƙara wayoyi a cikin bututu, amma ga mai son awo ya cancanci kuɗinsa. In koyar da ɗalibai kawai za a yi, gyaran manhaja ya wadatar.

Akwai kuma na'urar Cellvizio ta kamfanin Mauna Kea na Faransa, wadda ta bar madubanta a wajen jiki, ɗaurin zaren gilashi mai ɗaukar haske ne ke shiga ciki. Nata aibin shi ne zanen raga da zaren ke bari a hoto, wanda shi ma sai an goge.

Ranar gwaji, kada ka tsaya a hotunan da dillali ya zo da su. A sa allon gwajin a ruwa mai ɗumin jiki, a bar na'urar tana aiki rabin awa, sannan ka auna murabba'in kusurwa da na tsakiya. Ka nemi ganin ɗanyen hoton kafin gyara, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa ma'aikatanka za su iya sake saita ta da kansu ba sai an mayar da ita ƙasar waje ba.