MARC na asali ko MARCXML: wanne ya fi daɗin aiki?

Tsarin MARC, wanda dakunan karatu ke amfani da shi wajen ajiye bayanan littattafai a kwamfuta, ya samo asali ne a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, ƙarƙashin jagorancin Henriette Avram. An gina shi don zamanin da wurin ajiya a kwamfuta ke da tsada, shi ya sa komai nasa a matse yake. Kowane bayanin littafi yana farawa da haruffa 24, sai jadawalin da ke nuna inda kowane fili (gurbin bayani guda, kamar sunan marubuci) ya fara da tsawonsa. Bayani ɗaya ba ya wuce bayit (ma'aunin girman bayani a kwamfuta) 99,999.

A nan ne mai rubuta manhaja ke shan wahala. Harafin ƙ a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, bayit biyu ne. In manhajarka ta ƙirga haruffa maimakon bayit, sunan littafi ɗaya mai ƙ ko ɗ a fili na 245 (filin sunan littafi) ya isa ya ruguza lissafin, sauran filayen duk su goce. Abin yana damuna ƙwarai, domin littattafanmu na Hausa suna cikin masu cin wannan matsala.

MARCXML, wato MARC a tsarin rubutun XML, wanda laburaren ya fitar a 2002, ya kawar da ƙirgen. Filayen suna nan yadda suke, 100 marubuci, 245 suna, amma kowanne a cikin alamarsa, ka buɗe ka karanta da idonka. Fayil ɗin dai yana kumbura sosai.

Ni kam wajen gyara MARCXML nake ɗauka. In za a loda wa Koha, manhajar tafiyar da laburare, dubban bayanai, sai in bar pymarc, manhajar sarrafa bayanan MARC, ta mayar da su tsohon tsarin.