Wane ma'aunin ruwa ya kamata ku saya idan ana haƙar ma'adinai kusa da rafinku?

Tun bayan gubar dalma da ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara a 2010, ta kuma sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja a 2015, mutane sun fara tambayar abin da wankin zinare ke zubawa a ruwansu. A can ƙura da ƙasar tsakar gida ne suka fi yin ɓarna, amma dalma tana maƙale wa laka, laka kuwa rafi ne ke kwasarta. Sakamakon ɗakin gwaji zai nuna muku yawan gubar da ke cikin lita ɗaya. Sai kun san lita nawa ke wucewa a kowane sakan kafin ku gane nawa ake tura wa ƙauyen da ke ƙasa.

Sandar awo ita ce mafi arha: allo mai lambobin santimita, a kafe shi da siminti a jikin gada ko kwalbati, a sami mutum mai riƙon amana ya riƙa rubuta tsayin ruwa safe da yamma. Ba ta buƙatar batir, ɓarawo ma bai cika kula ta ba. Sai dai tsayi kawai take nunawa. Dole a haɗa ta da awon gudun ruwa a lokuta daban-daban, ruwa na ƙasa da ruwa na cike, har a fitar da jadawalin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da lita kaza. Duk wanda ya sayar muku da na'ura bai yi muku wannan bayani ba, rabin kaya ya ba ku.

Shi awon gudun, hanya mafi sauƙi ita ce a jefa gorar roba mai ɗan ruwa a ciki, a duba agogo. In ta ci mita 10 a sakan 20, rafin kuma faɗinsa mita 3, matsakaicin zurfinsa santimita 40, sai a ninka gudun (rabin mita a sakan) da faɗi da zurfi, a rage kashi 20 cikin ɗari saboda ruwan da ke saman rafi ya fi na ƙasa sauri. Zai ba da kusan lita 480 a sakan. Ya isa ku san halin rafinku, amma injiniyan kamfanin haƙar zai iya musa shi. Na'urar awon gudu mai farfela, ko mai aiki da maganaɗisu, ta fi shi inganci nesa ba kusa ba. Ana tsoma ta a kashi 60 cikin ɗari na zurfin ruwa, a wurare da dama daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ƙungiya ɗaya ba sai ta mallake ta ba. Hayar ma'aikaci da na'urarsa daga sashen nazarin ruwa na jami'a ya fi sauƙi. Amma kada a bar kowa ya shiga rafi yana ambaliya da sunan awo.

Ga magudanar da ke fitowa daga wurin wanki kuwa, inda ruwan bai da yawa, faranti mai tsaga irin harafin V ya dace. Idan kusurwar tsagar digiri 90 ce, ruwan da ya hau santimita 10 daga gindin tsagar kusan lita 4 da rabi ne a sakan, santimita 20 kuma kusan lita 25. Maƙerin walda zai iya yanka shi, muddin ya bi ma'auni. Matsalarsa laka ce, tana taruwa a bayansa ta ɓata lissafi, ruwan wanki kuwa laka ce tsantsa. Kwararon awo na Parshall ya fi tsada, amma yana barin yashi ya wuce, shi ya sa na fi karkata gare shi a irin wannan wuri. In bututu ne kawai, bokiti mai lita 20 da agogon waya sun wadatar.

Rafukanmu na arewa bushewa suke da rani, sannan su cika cikin awa guda bayan ruwan dare, su janye kafin gari ya waye. Wannan ambaliya, musamman ta farkon damina da ke wanke tulin ƙasar da aka tara duk rani, ita ke ɗauke da mafi yawan laka, kuma mai karanta sanda yana barci lokacin. A nan ne na'ura mai rubuta da kanta ke da amfani. Irin su HOBO da Solinst Levelogger ƙanana ne, ana ɓoye su a bututun ƙarfe cikin ruwa, suna rubuta tsayi duk minti 15, batirinsu na yin shekaru. Ku lura: yawancinsu suna buƙatar ta biyu a waje mai auna nauyin iska, in ba haka ba za a sami kuskuren santimita da dama. Yashi kuma yana iya binne su. Na'urar rada mai auna tsayin ruwa daga nesa, irin ta OTT ko VEGA, a saman gada ake rataye ta ba ta taɓa ruwa, don haka laka ba ta dame ta, amma ga tsada, ga faifan sola da ke jan idon ɓarayi.

Da ni ne mai riƙe da kuɗin ƙungiya, sanda biyu zan fara saya, ɗaya sama da wurin haƙa ɗaya ƙasa da shi, domin ba tare da awon sama ba kamfani zai ce haka ruwan ya zo masa. Sai na'ura mai rubutawa a tashar ƙasa, sai alawus na mai lura. Ragowar kuɗin na gwajin ruwa ne, don babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke gano dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a miligiram 0.01 a kowace lita ta ruwan sha. A ɗebi samfurin a kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar, a rubuta rana da lokaci da tsayin ruwa a kan sanda, a kuma haɗa da ɗan lakar gindin rafin a wata roba daban.